Ina son rage ƙiba, amma kwaɗayin yamma da na dare ya fi ƙarfina

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, shekarata 34, 'ya'yana uku, ina aikin ofis. Lokacin da aka kai ni ɗaki nauyina kilo 68 ne, yanzu na kai 96. Wata huɗu da suka wuce likita ya ce jinina ya fara hawa, sukarina yana bakin iyaka, ga gwiwoyi suna damuna ko sallah zan yi. Ya ce in rage ƙiba. Daga ranar na daina karyawa, sai ruwan ɗumi da lemun tsami. Da rana kokwamba da tuffa ɗaya. A watan farko na rage kilo 4, na yi ta murna. Daga nan komai ya lalace. In na tashi daga aiki bayan la'asar jikina har rawa yake yi, sai na tsaya wajen mai awara, in haɗa da fanke da lemo mai sanyi. In na isa gida duk abin da yara suka rage ni ke cinyewa, don ba na son a zubar. Maigidana kuma kusan kullum sai ya shigo da tsire da gurasa wajen ƙarfe 10 na dare, in na ce ba na ci ransa ya ɓaci, ya ce shi a haka yake sona. Abin da ya fi ba ni kunya, in kowa ya yi barci sai in lallaɓa in buɗe bokitin cincin da dubulan da suka rage na Sallah, in ci a tsaye cikin duhu har cikina ya yi nauyi, in koma ɗaki ina kuka. Na sayi shayin rage ƙiba a Instagram, gudawa kawai ya sa ni. Uwar mijina ta ce wa ya faɗa mini rama ado ce. Yanzu abin da na rage ya dawo har da ƙari. Anti, yaya zan yi in kashe kwaɗayin nan? Ji nake kamar ni ce ba ni da zuciya.

Daga wata 'yar'uwa a Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ƙara lafiya, ya raya zuri'a. Macen da za ta tashi tun asuba, ta shirya yara uku, ta tafi aiki, ta wuni a kan kokwamba da tuffa ɗaya har wata guda, ba a ce mata marar zuciya. Zuciya kam kina da ita, har ta so ta yi yawa. Tsarin da kika ɗauka ne ba ya ɗorewa, kuma ko wa aka ɗora a kansa, inda kika tsaya nan zai tsaya.

Ki lissafa da kanki. Daga tsiren ƙarfe 10 na dare zuwa awarar ƙarfe 4 da rabi na yamma, awa 18 ke nan da wani abu cikinki bai ga abincin kirki ba, alhali kina kai da kawo, kina aiki da ƙwaƙwalwa. In ciki ya daɗe wayam yakan saki wani sinadari da likitoci ke kira girelin, aikinsa ya kai wa ƙwaƙwalwa ƙara cewa a nemo abinci. Ita kuwa ƙwaƙwalwar mai jin yunwa ba ta tunanin kabeji. Abin da zai ba ta ƙarfi nan take take nema, wato mai da sukari da fulawa, su ne kuwa fanke da lemo da cincin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kin zuba wa ƙadangaren ido, kina jifansa kullum, tsagar kuwa tana nan tun ƙarfe 7 na safe, lokacin da kika fita da ruwan ɗumi kaɗai a ciki.

Wannan abu an gwada shi an gani. A shekarar 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, an ɗauki maza 36 masu ƙoshin lafiya, aka rage musu abinci zuwa kusan rabin abin da suka saba ci, har wata 6, don a san yadda za a kula da waɗanda yunwar yaƙin duniya na biyu ta galabaita. Mutanen nan hirarsu ta koma ta abinci, mafarkinsu abinci, wasu suka shiga tara littattafan girki. Da aka sake musu mara, da yawansu suka riƙa ci ba ji ba gani, su ƙoshi su ci gaba da ci. Ba ragwaye ba ne, zaɓo su aka yi saboda lafiyar jiki da natsuwa. Yunwa ce ta mayar da su haka, kuma ita ce ke tashinki tsakar dare.

Saboda haka abin da zan fara roƙonki shi ne ki ƙara cin abinci da rana. Na san zai yi miki banbaraƙwai. Gobe da safe ki karya, karin kumallo na gaske mai riƙe ciki. Dafaffen ƙwai 2 da alala, ko faten wake da alayyahu, ko ƙosai 4 da koko ludayi 2 ba sukari, ko ɗumamen tuwo ɗan madaidaici da miyar kuka da ɗan kifi. Wake da ƙwai da kifi da nama da nono su ne ke daɗewa suna narkewa, su ne ke hana cikin yin ƙara ƙarfe 11. Biredi da shayi mai zaƙi kuwa kafin ki gama gaisawa da mutanen ofis sun wuce. In safiyarki ba ta da sarari, ki dafa ƙwan tun dare, alalar kuma ki yi ta kwana biyu ki sa a firij in wuta na samuwa.

Abincin rana ki tafi da shi a kula daga gida, ki ci bayan azahar. Ga yadda za ki zuba: rabin farantin ganye, ko kwaɗon zogale, ko rama, ko kabeji da karas da tumatir, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko nama, sauran kashi ɗayan shinkafa ko dambu ko tuwo, gwargwadon dunƙulen hannunki. Ban ce ki rabu da tuwo ba, kuma duk wanda ya ce miki Bahaushiya sai ta bar tuwo za ta rage ƙiba, ki tambaye shi kwana nawa zai iya. Abin da za ki sa wa ido shi ne mai. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kalori kimanin 120 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), kuma mu da kwalba muke tsiyaya shi a tukunya, ba ma aunawa. Ki fara aunawa da cokali, a miya da ɗanwake da shinkafa da wake. Nan kaɗai za ki rage abin da ba ki taɓa jin kin ci ba. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano ma ki ja musu baya saboda jinin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke ɓoye a cikin dunƙule da yaji. Daddawa da citta da tafarnuwa suna cike gurbin.

Ki zauna ki ci, ki tauna, ki ajiye waya. Saƙon ƙoshi yakan ɗauki kimanin minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa, mai ci a tsaye da sauri kan wuce ƙoshinsa bai sani ba. Kin san hadisin da Tirmizi ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya ce a raba ciki uku: kaso ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. An fi kawo shi don jan kunnen mai cika ciki, amma ki lura, abincin ma an ware masa kasonsa. In kina azumin Litinin da Alhamis, ki yi shi don Allah, ki yi sahur mai kyau, ki buɗe baki da ruwa da dabino 3, ki yi sallah, sannan ki ci abinci ɗaya. Kada ki mayar da shi bulalar hukunta kanki saboda abin da kika ci jiya.

Yanzu ga la'asar, wadda ita ce mararrabar yininki. Kada ki bari ta same ki da yunwa a kan titi. Wajen ƙarfe 3 da rabi, kina zaune a ofis, ki ci ɗan abin da kika zo da shi: gwaiba, yalo, karas, dafaffiyar gurjiya, kindirmo marar sukari, ko gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya. Na ce tafin hannu ɗaya saboda gyaɗa akwai riƙe ciki amma akwai nauyi, giram 100 nata ya haura kalori 550, kuma hannu ba ya gajiya da komawa cikin leda. Ki ɗebi na yini ki ƙulle, ki bar sauran a gida. Ita kuwa awara, ni ban ga laifinta ba. Waken suya ne, abinci ne mai gina jiki, man da ake tsoma ta ciki ne matsalar, da kuma 'yan rakiyarta. Ki ware mata kwana 2 a mako, ki sayi guda 4 ko 5, a cika miki da kabeji da albasa, ki kawo gida ki zuba a faranti. Ko ki ce wa mai awarar ta sayar miki da wadda ba a soya ba, ki jefa ta cikin miyar tumatir da attaruhu. Sauran ranakun, in mai adaidaita a gabanta yake sauke ki, ki sauka a wani lungun ki ƙarasa da ƙafa. Da sai in ce ki daina yawo da canji, to yanzu mai awara ma tana karɓar tiransifa.

Lemon kwalba ne kaɗai zan ce ki yi ban kwana da shi, sai dai jefi-jefi. Robar nan ta santilita 50 ta lemo mai zaƙi tana ɗauke da sukari kimanin giram 50, ƙaramin cokali 12 zuwa 13 ke nan. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a yini, wanda ga babba ya kama kusan cokali 12, ta ce in an tsaya a 6 ya fi. Roba ɗaya ta cinye kason yini gaba ɗaya, kuma ba ta rage miki yunwa ko kaɗan, domin sukarin da aka sha ba ya cika ciki yadda abin da aka tauna yake yi. Ga mai sukari a bakin iyaka wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lemon malt ma bai tsira ba, haka zoɓo da kunun ayar da ake sayarwa a ƙulle, galibi an cika musu sukari. Ki dafa zoɓonki da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ki sanyaya shi. Makon farko harshenki zai yi ƙorafi, daga baya ya saba.

Ragowar yara kuma, na fahimci abin da ke ranki. An tashe mu a kan cewa zubar da abinci almubazzaranci ne, kuma gaskiya ne, balle a wannan tsadar. Sai dai shinkafar da kika tura cikin da ya riga ya ƙoshi ita ma ba ta amfani kowa ba. Gyaran daga wajen zubawa yake. Ki zuba wa kowane yaro rabin abin da kika saba, wanda bai ƙoshi ba ya zo a ƙara masa. Abin da ya rage a tukunya mai tsabta ne, ki rufe shi na safe, ko ki ba almajirin da ke sallama a ƙofa tun da ɗuminsa, wanda ya fi masa mutunci a kan jagwalgwalon faranti. In babban ɗanki ya kai, ki ɗora masa kwashe kwanuka, don kada hannunki ya riƙa bi ta kansu.

Sai maigida. Kada ki ɗauke shi abokin gaba a wannan tafiya. Yawancin mazanmu ba su iya faɗar so da baki ba, a leda suke kawo shi. Mutum ya wuni a kasuwa ko ofis, ya tsaya gaban mai tsire ya jira a gasa, a yanka, a barbaɗa yaji, a naɗe a takarda, yana tafe yana tunanin za ku zauna ku ci tare bayan yara sun kwanta. Ya shigo, kin ce ba kya ci. A kunnensa ba tsiren kika ƙi ba, zaman kika ƙi. Da ya ce a haka yake sonki, ina kyautata zaton gaskiyarsa ya faɗa, kuma ki gode wa Allah, mata nawa ne ake goranta musu ƙiba a ɗakunansu. Abin da bai gane ba shi ne maganar ta tashi daga ado ta koma lafiya.

To kada ki yi masa bayani yana tsaye da leda a hannu. Ki nemi lokacin da yake cikin nishaɗi, da rana, ki ce masa wani abu kamar haka: “Abban yara, wallahi tsarabar nan da kake kawo mini tana faranta mini rai, kuma ba na son ka daina. Amma likita ya ce jinina yana hawa, sukari yana ƙofa. Ina son in daɗe ina yi maka hidima da ƙafafuna. Ka taimake ni mu gyara yadda muke cinta.” Sannan ki kawo masa abin da zai yi, domin namiji ya fi karɓar aiki a kan hani. Tsiren ya zama kwana 2 a mako, ya yi miki waya tun yamma in zai kawo, ke kuma a ranar ki bar tuwon dare, tsiren ya zama shi ne abincinki, da kabeji da tumatir da albasa mai yawa, gurasa ɓari ɗaya, ba lemo. Sauran dararen ya shigo da kankana, ko gwanda, ko gasasshen kifi, ku zauna yadda kuka saba. In kin ga maganarki ba ta shige shi ba, ki roƙe shi ya raka ki asibiti ranar komawarki, ya ji daga bakin likita. A nan kuma sai a ɗaura masa abin awon jinin shi ma, don mai cin tsire ƙarfe 10 kullum ba ke kaɗai ba ce a gidan. In duk da haka ya ci gaba da kawowa kullum, ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki ci yanka 3 ko 4 tare da shi, sauran ki ce kin ajiye wa yara na safe. Wannan ba ya jawo faɗa.

Hajiya kuwa, uwar mijinki, ba a jayayya da ita. Ta taso a zamanin da rama ke nufin ciwo ko yunwa ko baƙin cikin gidan miji, wataƙila ta ga farin 1973 da idonta. In surukarta ta rame, a ganinta za a ce ɗanta ba ya ciyar da iyali. Ki ce mata, “Hajiya, ba gayu ba ne, likita ne ya sa ni saboda hawan jini, ki sa ni a addu'a.” Hawan jini kalma ce da duk wata dattijuwa ta san nauyinta, ta binne ƙawaye saboda shi. In kin je gidanta ta zubo miki, ki ci kaɗan, ki yaba girkin, ki roƙi a juye miki sauran ki tafi da shi.

Bokitin dare shi ne ya sa ki kuka, shi zan fi daɗewa a kai. In kika gyara cin rana, ina sa ran rabin ƙarfinsa zai tafi da kansa cikin mako 2 zuwa 3. Ragowar rabin ba na ciki ba ne. Ki duba yininki: da safe na yara ne, da rana na ofis, da yamma na kicin, da dare na maigida. Ƙarfe 12 na dare, a tsaye gaban bokiti, shi ne kaɗai lokacin da ba wanda ke kiran sunanki. Ba mamaki ki riƙa komawa. Wannan buƙatar hutun gaskiya ce, kuma hakkinki ce, sai dai a nema mata wata hanyar. Ki yanki minti 20 bayan isha'i ki ce naki ne, ki rufe ƙofa, ki yi wanka da ruwan ɗumi, ko ki kira 'yar'uwarki, ko ki ji karatu, ko ki zauna shiru da kofin shayin na'ana'a. Yara za su yi ƙorafi kwana uku su haƙura.

In abin ya taso miki da dare, ki yi wa kanki tambaya ɗaya: da dafaffen wake ne a gabana yanzu, zan ci? In amsar e ce, yunwa ce ta gaske, ki ci wani abu mai sauƙi, ƙwai ko kindirmo, ki kwanta ba tare da jin laifi ba. In kuwa cincin kaɗai ranki ke so, marmari ne, shi kuma yakan taso ya yi ƙarfi ya lafa in ba a biye masa nan take ba. Ki ba shi minti 15. Ki sha ruwa, ki goge baki da makilin ko aswaki, ki yi alwala. In bayan haka har yanzu kina so, to ki ci, amma ki kunna fitila, ki ɗebi cikin tafin hannu a ƙaramin faranti, ki rufe bokitin, ki fita daga kicin ki zauna. Cin ɓoye a duhu shi ke kawo cin da ba iyaka, domin wanda ke jin yana sata sauri yake yi. Mafi sauƙi duka, bokitin ya bar gidan. Ki ƙulla wa yara na makaranta, ki aika wa maƙwabta, ki kai ofis. Ba wanda zai iya kokawa da abin da ke taku goma daga gadonsa kowane dare. Sallah mai zuwa ki soya mudu ɗaya maimakon uku.

Barci ma yana cikin maganin. Wanda ba ya samun isasshen barci sinadarin yunwarsa yakan ƙaru, na ƙoshi ya ragu, washegari ya tashi yana neman zaƙi. Babba yana buƙatar aƙalla awa 7. Ke da ke tashi asuba, in kina kaiwa 12 kina duba waya, kina bin jikinki bashi kullum. Ki kuma lura da kwanakin da ke gaban al'adarki, mata da yawa marmarin zaƙi kan tsananta musu a lokacin. In kin san da zuwansa sai ki tanadi dabino da gwanda, ba zai zo miki a ba-zata ba.

Za ki sake zamewa, wannan ki sa a ranki tun yanzu. Ranar suna, ranar biki, ranar da aka ɓata miki rai a ofis. Fanke 3 ba sa mayar da mutum baya. Abin da ke mayarwa shi ne tunanin nan na “tunda na riga na ɓata, bari in ƙarasa, gobe na fara sabo”, sannan goben a ƙi karyawa don a rama, la'asar ta yi a koma gidan jiya. In kin ci da yawa da dare, da safe ki karya kamar kullum. In za ki biki ki ci wani abu kafin ki fita, a can ki zaɓi abu ɗaya da kika fi so, ko alkaki ko nakiya ko soyayyen nama, ki ci shi da daɗinsa, robar da aka ba ki ta tafiya gida kuma ki miƙa wa yara.

Shayin nan ki zubar da shi. Da yawa daga irinsu ganyen filasko ne ko wani abin da ke sa zawo da yawan fitsari. Abin da sikeli ke nuna ya ragu ruwa ne, da kin sha ya dawo, kuma yawan gudawa yana kwashe gishirin jiki, abin da ke da haɗari ga mai hawan jini. Ruwan ɗumi da lemun tsami ba ya cutarwa in ba ki da gyambon ciki, amma ba ya narkar da kitse.

Kada ki sa wa ranki kilo 68 a yanzu. A wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum sama da 3,000 masu sukari a bakin iyaka irin naki, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, an sa wani rukuni su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su riƙa motsa jiki minti 150 a mako. Cikin kusan shekara 3, kamuwa da ciwon sukari a cikinsu ta ragu da kashi 58 cikin 100 in an kwatanta da waɗanda ba a sa su wannan tsari ba. Kashi 7 na nauyinki bai kai kilo 7 ba. In kina rage rabin kilo a mako, wata 3 zuwa 4 ne, kuma gwiwoyinki za su fara sanar da ke kafin madubi. Sikeli sau ɗaya a mako ya isa, da safe, rana ɗaya. Minti 150 ɗin kuwa tafiya ce ta minti 30 sau 5 a mako. Saboda gwiwa ki fara da minti 10, ko zagayen tsakar gida ne bayan cin abinci, da takalmi mai taushi, ki riƙa ƙarawa. In akwai maƙwabciyar da za ku riƙa fita tare bayan asuba, ya fi ɗorewa.

Ki koma wajen likitanki, ki faɗa masa yadda kike ci kamar yadda kika faɗa mini, har da rawar jikin la'asar. In ya ba ki maganin sukari, tsallake abinci na iya sa sukarin ya faɗi ƙasa, wannan ba abin wasa ba ne. Ki kwashe duk magungunan da kike sha ki tafi da su a leda, musamman in kina karɓar haɗin kemis saboda ciwon gwiwa: akan sa Dexamethasone ko Prednisolone a ciki, su kuwa suna buɗe ciki, su ƙara ƙiba, su ɗaga sukari da jini. In kina allurar tazarar haihuwa ta wata 3, ki ambata, don tana ƙara wa wasu mata nauyi, amma kada ki daina da kanki sai kun yi shawara. Ki roƙi ya tura ki wajen masanin abinci. Manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna da sashensu, za su tsara miki da abincin da kike dafawa a gida.

Akwai kuma abin da nake so ki sa wa ido. In bayan kin yi wata guda kina cin abinci sau uku yadda ya kamata, har yanzu kina samun kanki kina cin abu mai yawa cikin ɗan lokaci, kina jin ba za ki iya tsayawa ba, aƙalla sau ɗaya a mako, ko kin fara sa yatsa a maƙogwaro don ki amayar, ko kukan nan ya zama na kullum har barci da walwala sun ƙaurace miki, to wannan lalura ce da likitoci suka sani, tana da magani ta hanyar zama da masanin halayyar ɗan Adam, wani lokaci da ƙwayoyi. Ba hauka ba ce, ba kuma rashin imani ba. Ki faɗa wa likitan kai tsaye ya tura ki. Kafin ranar asibitin, ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika ci, da ƙarfe nawa, da halin da ranki ke ciki a lokacin, na mako 2, ki tafi masa da shi. Bayan wata guda ki sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare da Abban yara. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa.